Wutar da Ba Ta Isa Gida Ba: Tarihin Asarar Lantarki a Najeriya

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, mafi yawan jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. An lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layi na biyu, wanda ya fito daga Ugwuaji a Jihar Enugu ya bi ta Apir a Binuwai ya nufi Jos, shi ma ya samu matsala a ranar 21 ga wata. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka zauna jugum, asibitoci suka koma kan janareta, cajin waya ya zama abin bin layi. Wannan asara ce da kowa ya gani, aka yi ta magana a kanta a rediyo da majalisa.

Akwai wata asarar da ta fi wannan girma da daɗewa, wadda ba ta shiga kanun labarai domin kullum ake yin ta. Ita ce wutar da aka samar a tasha, aka ƙona iskar gas ko aka saki ruwan madatsa saboda ita, amma ta ɓace a hanya, ko ta iso aka sha ba a rubuta ba, ko aka rubuta ba a biya ba. Rahotannin hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki sun nuna cewa a 2024 fiye da kashi ɗaya bisa uku na darajar wutar da kamfanonin rarrabawa suka karɓa ba ta dawo a matsayin kuɗi ba. Wanda ya fahimci tarihin wannan giɓi ya fahimci dalilin da ya sa ƙasar da ke da tashoshin da za su iya samar da kusan megawat 13,000 take raba tsakanin 4,000 zuwa 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200.

Asara iri uku

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya.

Na farko ita ce asarar da waya ke yi da kanta. Tun a wajajen 1840 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, James Joule, ya gano cewa duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumama, kuma wannan zafin wani ɓangare ne na wutar da ya salwanta. Ya kuma gano ƙa'idar da dukan harkar lantarki ta ginu a kanta: idan yawan wutar da ke kwarara a waya ya ninka sau biyu, asarar za ta ninka sau huɗu, idan ya ninka sau uku, asarar ta ninka sau tara. Wannan ne ya sa ake ɗaga ƙarfin turin wuta kafin a tura ta nesa. Kamar ruwa ne a bututu: idan turin ya yi ƙarfi, ana iya aika aiki mai yawa da kwarara kaɗan. Idan aka ninka ƙarfin turi sau goma, kwararar da ake bukata za ta ragu sau goma, asarar kuma ta ragu sau ɗari. Shi ya sa wuta ke barin tasha a kan layin 330kV ko 132kV, a sauke ta zuwa 33kV, sannan 11kV, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita volt 230 da ke shiga gida. Ba a iya kawar da wannan asara gaba ɗaya. A Amurka tana kusan kashi 5 cikin ɗari, a duniya baki ɗaya kusan kashi 8. Amma tana ƙaruwa sosai idan waya ta yi siriri, ko layi ya yi tsawo fiye da kima, ko aka ɗora wa taransifoma gidaje fiye da ƙarfinta.

Na biyu ita ce wutar da ta iso lafiya, aka yi amfani da ita, amma ba ta shiga littafin kowa ba: wanda ya jona daga falwaya da dare, wanda ya zagaye mitarsa ya ɗora na'urar sanyaya ɗaki a kan wayar da ba ta bi ta mita, da wanda yake sha amma sunansa ba ya cikin rajista.

Na uku kuwa shi ne bil ɗin da aka rubuta, aka kai, amma ba a biya ba.

A takardun hukuma ana haɗa ukun nan a taƙaita su da haruffan ATC&C. Bari mu yi lissafi da alƙaluman da suka yi kusa da na 'yan shekarun nan. A ce an saki awo 100 na wuta daga tashoshi. Kusan 8 za su salwanta a manyan layukan dako, 92 su isa hannun kamfanonin rarrabawa. Daga ciki kamfanonin kan iya rubuta bil na kusan huɗu cikin biyar, wato 74. Daga kuɗin da aka rubuta kuma a karɓo kusan uku cikin huɗu, wato kuɗin awo 55. Da kuɗin awo 55 ake so a biya mai iskar gas, da mai tasha, da mai dako, da ma'aikata, a kuma sayi sababbin wayoyi, alhali an kashe kuɗin samar da 100. A lura da wani abu: a iri na biyu da na uku, wutar ba ta ɓace ba, wani ya sha. Kuɗin ne ya ɓace, kuma shi ne kuɗin da ya kamata a gyara waya da shi domin rage iri na farko.

Daga Marina zuwa Kainji

An fara samar da wutar lantarki a Legas a 1896, da ƙaramar tasha mai ƙarfin kilowat 60. A shekaru hamsin da suka biyo baya babu wani abu mai suna babban layin ƙasa. Kowane gari da nasa inji: wasu a hannun sashen ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka, wasu kuma, kamar na Kano da Katsina, a hannun En'e. A Filato, kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a 1929 domin ma'adinan kuza. A irin wannan tsari asara ba ta da wurin ɓuya. Tasha tana cikin gari, layi gajere ne, masu wuta 'yan kaɗan ne, kuma mai karɓar kuɗi ya san ƙofar kowa.

A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, ta tattara waɗannan tashoshi a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Neja, wadda ta gina madatsar Kainji, aka kammala a 1968. Kainji ce ta sauya siffar al'amarin. Tasha ce babba, wadda ƙarfinta ya kai megawat 760 bayan an gama saka injuna, amma tana nesa da manyan birane, saboda haka dole aka shimfiɗa layukan 330kV zuwa Legas ta kudu da Kaduna ta arewa. Daga nan Najeriya ta samu babban layi, kuma daga nan wuta ta fara tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta isa ga mai sha. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu aka samar da NEPA, sunan da har yau yara ke kira idan an kawo wuta, ko da yake hukumar ta daɗe da shuɗewa.

Zamanin NEPA

Shekarun 1970 na kuɗin man fetur ne. Birane suka kumbura, jihohi suka yi ta kai wuta karkara, masana'antu suka cika Bompai da Sharada a Kano da Kakuri a Kaduna. An ci gaba da gina manyan tashoshi: Jebba da Egbin a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a 1990. Sai dai gina tasha abu ne da ake yanka kirtani a ɗauki hoto, sauya wayar unguwa da ƙara taransifoma kuwa aiki ne da ba wanda ke yi wa biki. Kuɗi ya fi tafiya ga samarwa, rarrabawa ta zama 'yar bora. Unguwa ta faɗaɗa, a ja waya daga gidan ƙarshe zuwa sabon gida, daga shi zuwa na gaba, har layin da aka tsara don 'yan ɗaruruwan mita ya yi tafiyar kilomita. Wanda ke ƙarshen layi ya ga ƙwan fitilarsa ja kamar garwashi. Wannan jan ƙwan shi ne ƙa'idar Joule a idon talaka: wutar da ya kamata ta haska ɗakinsa ta ƙare wajen ɗumama waya a hanya.

Sai farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube. Kusan komai na NEPA daga waje ake sayo shi da dala, amma da naira take karɓar kuɗi, a farashin da gwamnati ta ƙayyade kuma take jin tsoron ƙarawa. Kayan gyara suka gagara, mita ta zama abin nema da hanya. A nan bil na ƙiyasi ya samu gindin zama: ma'aikaci ya dubi gida, ya ƙiyasta, ya rubuta. Alƙaluman da Bankin Duniya ya tattara sun nuna cewa a mafi yawan shekarun 1980 da 1990, fiye da kashi 30 cikin ɗari na wutar da Najeriya ke samarwa na salwanta tsakanin tasha da bil. Lokacin da aka koma mulkin farar hula a 1999, gwamnati da kanta ta bayyana cewa injuna 19 ne kacal ke aiki cikin 79, kuma abin da ake samu a kullum bai wuce megawat 1,750 ba.

Abin da ya fi lalacewa a wannan zamani shi ne yarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da aka kawo wa bil na wata guda alhali ya ga wuta kwana goma ba ya ganin ƙin biya a matsayin laifi. Ma'aikacin da ya zo da tsani zai yanke waya ya gane cewa ana iya sasantawa a ƙofar gida. Unguwar da ta yi karo-karo ta sayi taransifoma da falwaya da kuɗinta tana ganin ta riga ta biya. Ma'aikatun gwamnati da barikoki kuma suka saba da cewa aljihun dama ba ya bin aljihun hagu bashi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a rasa gaskiya a cikinta ba, kuma jimillar hujjojin ita ce duhu.

Sayarwar 2013 da alƙawarin da aka yi cinikin da shi

A 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a dokar sake fasalin harkar lantarki. NEPA ta koma PHCN, aka tsaga ta gida 18: kamfanonin samarwa 6, na dako 1, na rarrabawa 11, aka kuma kafa NERC. A ranar 1 ga Nuwamba 2013, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka miƙa mafi yawan kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa. Kamfanin dako, TCN, ya zauna a hannun gwamnati, ko da yake an ba wani kamfanin Kanada, Manitoba Hydro, kwangilar tafiyar da shi daga 2012 zuwa 2016.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a wannan ciniki. Ba a ba da kamfanonin rarrabawa ga wanda ya fi taya su da tsada ba. An riga an yanke farashi, sai aka ce wanda ya yi alƙawarin rage asara mafi yawa cikin shekaru biyar shi zai ɗauka. Wato asara ita ce zuciyar cinikin. A takarda tsarin yana da ma'ana, domin duk kashi ɗaya da mai kamfani ya toshe riba ce a aljihunsa. Amma abubuwa uku suka warware lissafin.

Na farko, ba wanda ya san ainihin girman asarar a ranar ciniki. PHCN ba ta da isassun mitoci a kan layukanta da taransifomominta, balle a gidaje, kuma ba a bar masu saye sun bincika kayan yadda ya kamata ba saboda takaddama da ƙungiyoyin ma'aikata. Da aka sake awo bayan miƙawa, sai aka tarar ramin ya fi zurfin da aka yi zato. Wannan ma darasi ne ga mai karanta alƙaluma: jadawalin Bankin Duniya ya nuna asarar Najeriya ta sauka zuwa kusan kashi 16 a 2014, amma wannan awo ba ya ƙirga bil ɗin da ba a biya ba. A daidai lokacin, idan aka haɗa ukun, asarar kamfanonin rarrabawa tana kusa da rabi.

Na biyu, siyasa. A watan Maris na 2015, ana gab da zaɓe, NERC ta cire asarar bil ɗin da ba a biya ba daga lissafin farashi, abin da ya rage kuɗin wuta ƙwarai ga wasu rukunin masu sha. Hujjar ita ce bai kamata mai biya ya ɗauki nauyin wanda ba ya biya ba, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ba a faɗi wanda zai ɗauki nauyin ba, sai ya koma bashi.

Na uku, dala. Yawancin masu sayen sun ci bashin dala daga bankunan cikin gida suka biya kuɗin ciniki. A 2016 naira ta faɗi daga kusan 197 zuwa sama da 300 a kan dala ɗaya. Wanda ke fama da biyan bashin saye ba shi da abin sayen mita da waya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, su kuwa sun zo bakin rijiyar da ƙishirwa.

Daga nan giɓin ya riƙa hawa sama. Kamfanin rarrabawa ya biya wani ɓangare na kuɗin wutar da ya karɓa, mai tasha ya kasa biyan mai iskar gas, mai iskar gas ya rage abin da yake turowa, injuna su tsaya. Babban Bankin Najeriya ya zuba naira biliyan 213 domin daidaita kasuwar, a 2017 gwamnati ta ƙara amincewa da biliyan 701 domin tabbatar wa masu tasha biyansu. Duk da haka, zuwa 2025 kamfanonin samarwa suna cewa suna bin bashin kusan naira tiriliyan 4. Kamfanin Yola ya koma hannun gwamnati a 2015 saboda rikicin Boko Haram, a 2022 kuma masu ba da bashi suka karɓe ragamar wasu kamfanonin, ciki har da na Kano da na Kaduna.

Batun mita

Mita ƙaramin abu ce, amma ita ce shaidar da ke tsakanin mai sayarwa da mai saye, kamar mudu a kasuwar hatsi. An yi ta fito da shirye-shirye a kanta: a 2013 aka ce mai sha ya ba da kuɗin mita a riƙa cire masa a bil, a 2018 aka shigo da kamfanoni na musamman masu samar da mita, a 2020 aka ƙaddamar da shirin rabon mita na ƙasa da bashin Babban Banki, a shekarar kuma NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya rubutawa a bil na ƙiyasi. Duk da haka, a ƙarshen 2024 ƙasa da rabin masu rajista, waɗanda suka kai kusan miliyan 13, ke da mita. Shi kansa adadin miliyan 13 abin dubawa ne a ƙasar da gidajenta da shagunanta masu jone da wuta suka fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Rashin mita yana cutar kowane ɓangare. Mai sha da ke biyan ƙiyasi ba shi da dalilin kashe fitila da rana, tunda ko ya kashe ko ya bari bil ɗaya ne, saboda haka nauyi ya ƙaru a kan taransifoma, asarar waya ta ƙaru. Kamfani kuma yana samun hanyar raba asararsa a kan waɗanda ba su da mita, abin da ke rage masa kuzarin zuwa neman ɓarawon gaske. Kuma ɓarawon gaske ba lallai ne ya kasance a lungu ba. Mai ɗaki ɗaya da ƙwai biyu da fanka, ko ya shekara yana sata, bai kai abin da otal ko masana'anta mai zagayayyar mita ke sha a 'yan kwanaki ba. Haka ma a wajen ƙin biya: a watan Fabrairu na 2024 kamfanin rarrabawa na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati da yake bi bashin kusan naira biliyan 47, kuma Fadar Shugaban Ƙasa na cikin jerin.

Me ya sa abin ya fi ciwo a Arewa

A rahotannin NERC, kamfanonin Ikeja da Eko na Legas su ne ke da mafi ƙarancin asara, na Kaduna da Jos da Yola kuwa sun sha haura rabi. Sauƙin bayani shi ne a ce mutanen Arewa ba sa son biya, amma wannan bayani ya tsallake taswira.

Kusan duk tashoshin iskar gas suna Kudu, kusa da rijiyoyin gas, manyan madatsun ruwa kuma suna yankin Neja da Kwara. Wutar da ta taso daga Neja Delta tana tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta isa Kano, ta Maiduguri ta fi haka. Layukan da ke shiga Arewa kaɗan ne, kuma yawancinsu a miƙe suke kamar reshen bishiya, ba zobe ba ne da idan gefe ɗaya ya yanke wuta za ta zagayo ta ɗaya gefen. Abin da ya faru a Oktoba 2024 ke nan, kuma shi ya faru da Maiduguri tun Janairu 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu har aka gina masa tashar gas ta gaggawa mai megawat 50 a 2023. A ɓangaren rarrabawa ma haka ne. Kamfanin Kaduna yana ɗauke da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ƙasa mai faɗin gaske da garuruwa a warwatse, inda layin 33kV guda zai ratsa ƙauyuka da dama, wasu ma ma'aikaci ba ya iya shigarsu saboda rashin tsaro. Kamfanin Legas kuwa yana da masana'antu da ofisoshi a cunkushe cikin 'yan kilomitoci. Sannan masaƙun Kaduna da masana'antun Kano, waɗanda su ne manyan masu sha masu biya a kan kari, yawancinsu sun rufe, kuma rashin wuta na cikin abin da ya rufe su.

Abin damuwa shi ne asara tana hukunta kanta. Kamfanin da ya san idan ya tura wuta wata unguwa kuɗin rabinta ba zai dawo ba, ya fi masa sauƙi ya ƙi karɓar wutar daga babban layi. Tun 2020 aka raba masu sha rukuni-rukuni bisa yawan sa'o'in wuta, sannan a ranar 3 ga Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A, masu alƙawarin sa'a 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat na sa'a guda. Tun daga nan wuta ta ƙara karkata ga layukan da ke biya. Unguwar da ke da asara mai yawa ta samu wuta kaɗan, wuta kaɗan ta ƙara wa mutane hujjar ƙin biya, masu hali su sayi sola da batir su fice daga layin, a bar wanda ba shi da zaɓi da wayar da ba mai gyarawa.

Abin da Delhi ta yi

Ba Najeriya ce ta fara wannan ciwo ba, kuma akwai inda aka yi maganinsa. A watan Yuli na 2002 birnin Delhi na Indiya ya sayar da harkar rarraba wutarsa, ta hanyar da ta yi kama da wadda Najeriya ta bi daga baya: wanda ya yi alƙawarin rage asara shi ya ɗauka. A lokacin asarar ta haura rabi. A yankin arewacin birnin, wanda kamfanin Tata ya karɓa, ta sauka daga kusan kashi 53 zuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari.

Babu sihiri a abin da suka yi. An saka mita a kan kowane layi da kowace taransifoma, ta yadda za a san abin da ya shiga unguwa da abin da aka rubuta, a gane inda giɓin yake. An maye gurbin tsiraran wayoyi da masu rufi. A wasu unguwanni an kai layin 11kV har kusa da gidaje aka saka ƙananan taransifomomi, wanda ya rage asarar waya kuma ya sa jona ta zama kasada. Dokar lantarki ta Indiya ta 2003 ta tanadi kotuna na musamman kan satar wuta. A unguwannin talakawa an rage kuɗin jona wuta ta halal, aka sauƙaƙa biya. Sama da duka, gwamnatin Delhi ta ware kuɗin cike giɓi na shekaru biyar na farko tun kafin ciniki, kuma masu sayen suna da jarin zubawa. Amma a yi adalci: Delhi birni ne guda a dunƙule, ba Kebbi da Zamfara ba ne. Darasinta ya fi dacewa da cikin birnin Kano ko Kaduna fiye da karkara, inda ƙananan tashoshin sola masu zaman kansu za su fi layi mai tsawon kilomita ɗari ma'ana.

Inda aka kwana

A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi, kuma rashin tsayayyar wuta na jawo wa ƙasar asarar kusan dala biliyan 26 a shekara. Amsar da aka saba bayarwa ita ce a ƙara megawat. An ƙaddamar da aikin gina tashoshin gas guda goma a ƙarƙashin shirin NIPP, an kammala madatsar Zungeru mai megawat 700, an ƙulla yarjejeniya da Siemens a 2019 da burin kaiwa megawat 25,000. Amma mafi girman abin da babban layi ya taɓa ɗauka bai wuce kusan megawat 5,800 ba. Tarihin da muka bi ya nuna dalili: kowane megawat da aka ƙara a tsarin da ke dawo da kuɗin ɗan abin da ya haura rabi, ƙarin bashi ne.

A 2023 an gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da sa ido a kan wuta a cikin iyakokinsu. Wannan ya mayar da tambayar gida, kusa da inda take a zamanin En'e. Gwamnan da ke son masana'antu su dawo Sharada ko Kakuri yana da abubuwan da zai iya farawa da su ba tare da jiran Abuja ba: ya biya bashin wutar ma'aikatun jiharsa, ya sa a ƙirga masu sha gida-gida, ya nemi a saka mita a kowace taransifoma a kuma riƙa wallafa abin da ya shiga da abin da aka karɓa, unguwa-unguwa. Mu kuma da ke karanta wannan, akasarinmu muna cikin masu na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki, wato masu shan da ya fi yawa. Idan mai gyaran wuta ya ce zai iya ɗauke wa mita nauyin wasu kaya a kan ɗan abin goro, ya kamata mu san cewa abin da aka ɗauke ba ya ɓacewa. Yana komawa kan bil ɗin ƙiyasin maƙwabcin da ba shi da mita, da kuma sa'o'in duhun da za a ƙara wa layin gaba ɗaya.